Inda Na'a-na'a Take Shan Ruwa

Da wuya yau ka shiga kasuwar kayan miya a Kano ko Damagaram ko Maraɗi ka rasa mai na'a-na'a. Tana nan ƙulli-ƙulli a kan faranti, gefen lansir da latas, mai ita yana tsoma hannu a bokiti yana yayyafa mata ruwa don kada ta yi yaushi kafin la'asar. Masu shayi suna saye, mata suna saye saboda zoɓo da lemon tsamiya, samarin majalisa suna tura yaro ya sayo musu. In azumi ya kama kuwa, wanda bai yi sammako ba sai dai ya tarar da ragowa. Yaron da ya buɗe ido ya ga haka zai zaci tun kaka da kakanni haka ake yi. Amma waɗanda suka ɗan kwana biyu a duniya sun san lokacin da ganyen ƙamshi ba ya cikin lissafin cefane ko kaɗan. A gida yake, ko a gidan maƙwabta, kuma a yawancin gidajenmu ɗaɗɗoya ce ke riƙe da wannan matsayi tun kafin na'a-na'a ta yi suna.

Su biyun 'yan gida ɗaya ne. Ka kama karan kowacce ka murza tsakanin yatsu, za ka ji kusurwa huɗu gare shi, ba mulmulalle ba ne irin na rama ko yakuwa. Ganyen biyu-biyu yake fita a kowace gaɓa, wannan na kallon wancan. Ƙamshin kuma yana ajiye ne cikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙullutun mai a jikin ganyen, da an goga su sai su fashe, shi ya sa ko gefen zanen mace ne ya shafi shukar a wucewa sai tsakar gida ta ɗauka. Masana tsirrai sun haɗa su dangi guda da tayim ɗin da ake zubawa a dafa-duka, har ma da tumuku da rizga, waɗanda mu saiwarsu muke ci.

Babbar ɗaɗɗoya takan kai ƙirjin mutum, gindinta ya yi itace, ta shekara da shekaru a wuri ɗaya ana tsinka tana tohowa. A wasu ire-irenta man da ke cikin ganyen shi ne dai wanda ke cikin kanumfari, hanci ma yakan gane haka. Ana jefa ta a farfesun mai jego, a dafa wa mai mura ko mai murɗar ciki, a ɗora reshe a kan garwashi da magariba don sauro ya ja da baya. Ba ta taɓa kai gidan sauro mai magani aiki ba, kuma duk wanda ya binne yaro saboda zazzaɓi ba zai so a koma zamanin dogaro da hayaƙin ganye ba. Amma tana nan a kusa, ba a neman kuɗi kafin a same ta. Sai dai ka ji sallamar yarinya daga zaure: “Gwaggo, wai in ji Inna a sam mata ɗaɗɗoya.” Mai gidan ko tashi ba za ta yi ba, daga inda take za ta amsa: “Je ki tsinka, 'yar nan. Kan ganyen za ki cira, kar ki tumɓuke mini ita.” A cikin wannan gargaɗi ɗaya yarinya ta koyi rabin ilimin rainon irin waɗannan shuke-shuke, don tsinke kai shi ke sa su yi rassa su cika.

Abin da na fi son a tuna shi ne wurin da take tsirowa. Ƙasarmu wata bakwai ko takwas take yi babu ɗigon ruwan sama, kuma ruwan gida a ka ake ɗauko shi daga rijiya ko a saya wurin ɗan garuwa. Babu matar da za ta ɗebi tulu guda ta juye wa ganyen ƙamshi. To da me shukar take rayuwa har ta ga damina? Da ruwan da ya riga ya gama aikinsa. Gidan ƙasa yana da wurare biyu da danshi ba ya yankewa. Na farko gindin randa. Randa tana tsatsafo da ruwa ta jikinta, wannan tsatsafowa ce ke sanyaya abin da ke ciki, kuma yashin da aka girke ta a kai kullum a jiƙe yake, ga ɗan abin da ke zuba daga moɗa duk sa'ad da aka ɗiba. Na biyu wurin alwala. Kowane gida yana da kusurwar da ake tsugunawa da buta, galibi da ɗan dutse ko guntun turmi na ɗora ƙafa. Mai gida, matansa, tsohuwa, samari, kowa sau biyar a yini, tun daga asuba har lisha, ruwa yana sauka a tafin ƙasa guda, kaɗan-kaɗan, babu sabulu a cikinsa, babu omo. Ko mutum ya bi sunna ya yi alwala da abin da bai wuce mudun Annabi ba, ɗan ma'aunin nan na zakkar fidda kai, in aka tara na mutanen gida a yini ya isa ya riƙe shuka. Injiniyoyin noman rani suna kashe kuɗi masu yawa su shimfiɗa tiyo mai ɗiga ruwa a gindin shuka a kan lokaci. Gidan Bahaushe ya daɗe da nasa, lokutan salla ne ke tsara shi.

Da na'a-na'a ta shigo gidaje, nan ita ma ta sauka, don ta fi ɗaɗɗoya ƙishirwa nesa ba kusa ba. Shayi ne ya jawo ta. Koren ganyen da ake dafa shayin Buzaye da shi daga ƙasar Sin yake zuwa, a nannaɗe ƙanana-ƙanana. A Maroko, a ƙarni na 18, abin fada ne da gidajen attajirai. Masana tarihi suna danganta bazuwarsa cikin talakawa da tsakiyar ƙarni na 19, musamman lokacin yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, sa'ad da hanyar kasuwannin tekun Baltik ta toshe wa fataken Ingila suka karkato da hajarsu tashoshin Tanja da Assawira. Mutanen Maroko dama suna da na'a-na'arsu, sai suka haɗa ta da sabon ganyen da sukari. Daga can ayarin raƙuma ya tsallaka da al'adar cikin Sahara, har ta zama abin da Buzu ba ya tafiya sai da shi: 'yar buta, 'yan kofunan gilashi, da murhun waya.

Da yawa daga cikin mutanen biranen Nijeriya a ƙofar gidajen masu kuɗi suka fara ganin wannan shayi da idonsu. Farin 1973 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1984, sun karkashe dabbobin makiyayan Azbin da Azawak, mutanen da ba su taɓa yi wa kowa aiki ba suka gangaro Kano da Kaduna har Legas suna gadi. Cikin dare za ka ga mutum da rawani ya tsuguna gaban 'yan garwashi, yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa a kofi har kumfa ta taso, ya mayar, ya sake, dahuwa uku a ganye ɗaya. A Nijar kuma, daga farkon shekarun 1990, samarin da suka gama makaranta babu aiki suka kafa fada-fada a bakin titunan Damagaram da Yamai, butar shayi ce cibiyar kowace fada. A unguwar Nima ta Akra da zangon Kumasi suna ce masa ataya. Alhazai suka dawo da labarin na'a-na'ar Madina. Ta kowace kusurwa dai buƙatar ganyen ta ƙaru, ta fi ƙarfin abin da gindin randa zai iya bayarwa.

A daidai wannan lokaci ne kuma gidan kansa ya sauya. Siminti ya rufe tsakar gida, daga baya intalok da tayil suka zo. Firji da ruwan leda suka kori randa, in ma tana nan to ado ce. Alwala ta koma cikin banɗaki, ruwanta ya bi bututu ɗaya da ruwan wanka da na wanki ya faɗa kwata. Ban ga laifin kowa a nan ba. Matar da ta sha sharar tsakar gida mai taɓo da damina ta san darajar siminti, kuma famfo a cikin ɗaki rahama ne ga tsoho mai ciwon gwiwa. Ga kuma zaman haya: wa zai dasa abin da ke shekaru a gidan da bai san ko zai kai baɗi a ciki ba? Sai dai sakamakon shi ne gida ya daina riƙe ko ɗigo na ruwan da ya shigo cikinsa. Duk abin da aka saya da tsada daga mai kura ko aka jawo da janareto daga rijiyar burtsatse, amfani ɗaya ake yi da shi a kore shi waje.

Nan ne abin yake ci mini rai. Ruwan da muka kora waje bai ɓace ba. A Kano ya bi kwatoci ya faɗa Jakara, ya haɗu da na Getsi mai ɗauko dagwalon masana'antun Bompai, kuma a bakin waɗannan magudanai akwai masu lambu da suke noman rani da shi shekara da shekaru, suna kawo ganyaye kasuwannin birni. Masu bincike na jami'o'i sun sha auna wannan ruwa da ƙasar da yake jiƙawa, sun sami dalma da kuromiyom da wasu ƙarafa masu guba a ciki. Manoman nan neman halal suke yi, da za a ba su ruwa mai kyau da gudu za su karɓa. Kuma ba kowane ƙulli na kasuwa ne daga can ya fito ba, akwai na fadamu da na madatsun ruwa masu tsabta. Matsalar ita ce mai saye ba shi da hanyar bambancewa. Ganyen da ya sha ruwan kwata sau da yawa ya fi kowanne kore da faɗi, don ruwan cike yake da taki. Tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da dalma, ba ta kuma wanke duk maganin feshi. Ita kuwa na'a-na'a ba a ɓare ta, ba a fere ta, yadda aka yanko ta haka ake cusa ta a buta, wani lokaci ma ɗanya ake markaɗa ta a zuba a abin sha.

Ko a Maroko, inda noman na'a-na'a sana'a ce babba mai gonaki a yankunan Miknas da Sattat, abin ya taɓa kai wa hukuma wuya. A 2019 hukumar kula da lafiyar abinci ta ƙasar ta sa aka lalata gonakin na'a-na'a a yankuna da dama, bayan gwaji ya nuna an fesa musu magungunan ƙwari da ba a yarda a yi amfani da su a kan wannan ganye ba. Su suna da mai aunawa. Mu a nan daga lambu sai faranti, daga faranti sai kofi.

Akwai wani sauyin da ya wuce wannan nisa, wanda ya raba ƙamshin da shukar gaba ɗaya. Sanyin da yaro ke ji in ya tsotsi Tom Tom, ko aka shafa masa man zafi a ƙirji, ko ya goge baki da man goge haƙori, daga mantol yake zuwa, wani sinadari da ke taɓa jijiyar da ke sanar da jiki sanyi. Na'a-na'ar shayinmu ba ta da shi sosai, wata 'yar'uwarta ce ake nomawa dominsa. A 1939 yankin Kitami na arewacin Japan shi ke ba duniya kusan kashi 70 cikin 100 na wannan haja. Daga baya noman ya koma Barazil, inda aka riƙa sare daji a jihar Parana ana shuka ta a sabuwar ƙasa har dajin ya ja baya, sannan Sin, sannan Indiya. Masana'antar Kitami ta rufe a 1983. Yau ƙananan manoman jihar Uttar Pradesh, irin na gundumar Barabanki, su ne kan gaba. Suna dasa ta bayan sun kwashe amfanin hunturu, su yi ta ban ruwa da injin cikin tsananin zafi, su yanke kafin damina ta sauka a dasa shinkafa, su turara ganyen a manyan tankuna a bakin gona su tatsi man. Su ma yanzu suna fama da wanda ake haɗawa a masana'anta ba tare da ganye ko ɗaya ba. Kamfanin BASF na Jamus ya buɗe tasa masana'antar a 2012, kuma duk sa'ad da irin wannan ya ƙaru a kasuwa, manomin Barabanki ne ke ji a jikinsa.

Duk da wannan doguwar tafiya, shukar kanta ba ta sauya hali ba, kuma har yanzu tana cikin mafi sauƙin abin da mutum zai raina. Ba a wahalar da kai da irinta. Wanda ake sayarwa a 'yar takarda sau da yawa ba ya fito da ƙamshin uwar, wani nau'in ma, mai yajin nan da ake sawa a alewa, ba ya yin iri mai tsirowa sam. Reshe ake nema. Ko daga ƙullin da aka sayo a kasuwa za a iya zaɓar mai ƙwari, a yanke shi dab da ƙasan gaɓa, a zage ganyen ƙasa a bar na kai, a tsoma a kofin ruwa a ajiye inda haske yake amma rana ba ta dukansa. Cikin mako ɗaya ko biyu za a ga fararen saiwoyi sirara sun fito daga gaɓar. Sai a dasa a ƙasa mai yashi da aka cakuɗa da takin awaki wanda ya riga ya ruɓe, don ɗanyen taki ƙona ta yake yi. Ma'ana galibin na'a-na'ar da ke gidan wani, guntun ta wani gidan ce. Haka ta yi ta yawo hannu da hannu, amarya ta tafi da ita daga gidansu, maƙwabciya ta roƙa, ɗan kasuwa ya ƙullo a tsumma mai danshi daga wani gari.

Tana son danshi amma ba ta son ta kwana cikin ruwa, don haka in a bokiti ko tsohuwar roba za a sa ta, a huda ƙasan. Sa ta a mazubi ma ya fi, domin a ƙarƙashin ƙasa take miƙa jijiya ta ɓullo can gaba, in aka sake ta a fili sai ta mamaye na kusa da ita. Da hunturu takan yi murna muddin ana ba ta ruwa. Bazara ce jarrabawarta. Daga Maris zuwa Mayu, in zafi ya haura digiri 40, rana tun daga azahar ƙona ta take yi, sai a matsar da ita inda za ta sami hantsi kawai, inuwar katanga ko ta darbejiya ta rufe ta da rana. Ƙurar rani tana jawo wasu 'yan ƙwari jajaye masu saƙa a bayan ganye, maganinsu a riƙa wanke ganyen da ruwa da yamma, ba sai an kai ga feshi ba. In ta fara fure a datse, don da ta yi fure ganyen ke ƙanƙancewa. In kuma bayan shekara biyu aka ga tsakiyarta ta bushe gefe ne kawai ke kore, saiwa ce ta cushe, sai a juye mazubin, a raba ta gida uku ko huɗu, a sake ƙasa, a mayar da ɗaya, sauran a ba mutane. Wanda ya samu da yawa ya shanya a inuwa, rana tana kwashe ƙamshin.

Na lura matan birni sun fara komawa ga wannan, kuma abin yana faranta mini rai. A bayan ɗakunan haya za ka ga buhunan siminti da jarkokin da aka yanke an jera, da na'a-na'a da ɗaɗɗoya da ɗan attaruhu, abin da in mai gida ya ba da notis za a ɗora a kura a tafi da shi. Sabon gida ma yana da nasa wuraren danshi in an duba: ƙarƙashin tankin da ke ambaliya duk sa'ad da aka manta ba a kashe injin ba, bakin famfon tsakar gida, da tiyon na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga a jikin bango. Wasu sun koma ajiye roba a gabansu in za su yi alwala, su ɗauka su juye a gindin shuka.

Inda na fi ganin asara har yanzu shi ne masallatai da makarantun Islamiyya. Jerin famfunan alwala ne, ɗaruruwan mutane a yini, ranar Juma'a dubbai, ruwan yana bin 'yar kwata ya fita titi ya kwanta, ya yi baƙi, sauro ya hayayyafa a ciki, masu zuwa salla suna tattare riga suna tsallakawa. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, ruwan da aka yi alwala da shi bai zama najasa ba. Abin da ake buƙata a raba hanyarsa da ta bayan gida, a hana wanki da sabulu a wurin, a haƙa kwari mai zurfin kamu biyu a jikin katanga, a zuba tsakuwa a ƙasa, yashi da taki a sama. A kewaye da bulo saboda saiwa, a ja waya saboda awaki. Tunda ruwa ne da aka kurkure baki aka shaƙa a hanci, ta ƙasa za a sake shi ya bi gindin shuka, kada ya taɓa ganye, kuma a wanke abin da aka tsinka da ruwa mai kyau kafin a kai buta. Ɗaɗɗoya a sa ta ɓangaren da rana ta fi bugawa, ita tana jurewa, na'a-na'a kuma inda inuwar katanga ke faɗawa bayan azahar. A damƙa wa ladan ko mai shara kulawar, abin da aka sayar wa masu shayin unguwa ya zama nasa. In aka dasa da farkon hunturu, kafin wata biyu an fara yanka.